Mdou Moctar: waƙar da ta yi tafiya ba tare da mai ita ba

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine ɗan jihar Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar. Ba kamfani, ba kanti, ba talla a rediyo. Waƙoƙin suka riƙa tsallakawa daga wayar wannan zuwa ta wancan ta Bluetooth, har suka kai ƙasar Mali. Dukanmu mun san wannan hanya, mun kuma san ba ta kai wa mai waƙa ko dala, alhali guminsa ne.

Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙarsa a katin waya, ya yi cigiya har ya gano shi, ya sa ta cikin wani faifai a 2011. Daga nan tallarsa ta koma hawa dandamali gari-gari. Juyin mulkin Yulin 2023 ma a Amurka ya rutsa da shi, aka rufe iyakoki, iyali na gida. Bai yi sanyi ba: a 2024 ya fito da Funeral for Justice, inda ya tuhumi Faransa a kan halin da Afirka take ciki, ya kuma roƙi Abzinawa kada su yar da harshensu.