Dalilin Da Ya Sa Firinta Ke Ɓacewa Na Minti 5 Bayan An Canja Mata Kebul

Kwanakin baya aka kira ni wani shagon buga takardu a Magama Jibia, inda masu fiton kaya zuwa Maraɗi ke layi tun safe. An ɗauke firinta daga ɗakin baya zuwa na gaba, aka soka kebul, fitila ta kama, amma kwamfutoci suka ƙi ganinta. Direba na jiran takarda, mai shago na zargin firinta. Kafin in gama buɗe jakata, ta kama aiki da kanta. Ba aljanu ba ne, aikin suwic ne.

Yadda suwic ke haddace adireshi

Suwic shi ne akwatin nan mai ramuka da yawa da ake soka kebul ɗin kwamfutoci. Kowane rami ƙofa ce. Kowace na'ura kuma, har wayarka, tana da adireshin MAC mai haruffa da lambobi 12. Duk lokacin da na'ura ta aika saƙo, suwic zai rubuta cewa wance tana ƙofa kaza. Idan saƙonta ya zo, can zai tura shi kai tsaye. In bai san inda take ba, sai ya watsa saƙon ta sauran ƙofofi duka.

Yaushe yake mantawa?

Hanya biyu ce. Ta farko, idan na'ura ta yi shiru na daƙiƙa 300, wato minti 5, zai goge ta. Wannan shi ne wa'adin da akasarin suwic, har da Cisco Catalyst, ke zuwa da shi. Ta biyu, idan ƙofa ta mutu, ko don an zare kebul ko an ɗauke wuta a ɗaya ɓangaren, nan take zai share duk adireshin da ya koya ta wannan ƙofa.

To me ya faru a shagon?

Suwic uku ne: babba ɗaya, da ƙanana biyu a ɗakunan. Da aka zare firinta, ƙofar ƙaramin suwic ce ta mutu. Babban bai ga komai ba, domin kebul ɗinsa na nan a jone. Ita kuma firinta ba ta ce uffan ba a sabon wurinta. Sai ya ci gaba da tura saƙo ɗakin baya, kamar ɗan aike da ke ta sallama a gidan da aka tashi. Da minti 5 suka cika ya goge tsohon rubutu, ya watsa saƙon ko'ina, firinta ta amsa.

Wayarka ba ta cika faɗawa wannan tarko ba, saboda ba ta yin shiru. Da ta koma wani Wi-Fi na gidan za ta yi magana, suwic ya gyara rubutunsa.

Abin yi

Idan ka canja wa na'ura wuri ta ɓace, kada ka yi saurin kai ta wajen mai gyara. Kashe ta ka kunna don ta yi magana. Ko ka zare kebul ɗin da ya haɗa babban suwic da tsohon ɗakin, ka mayar. In suwic ɗin Cisco ne, rubuta show mac address-table ka ga ƙofar da yake zaton tana ciki. In kuwa ba ka gaggawa, sha shayi, minti 5 ne kacal.