Yaƙi a Kan Tebur: Wasan Magidanta da Sojojin Dalma

Duk shekara a birnin Landan ana cin wata kasuwa ta yini ɗaya da ake kira Salute. Dubban mutane ne ke cika wani makeken zaure, yawancinsu magidanta, wasu har da furfura, kowa ya sunkuya a kan tebur yana tura waɗansu mitsi-mitsin sojoji da tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba. A wannan tebur an kafa filin dagar Waterloo, inda aka karya Napoliyon a 1815. A na kusa da shi tankokin Jamus ne ke kutsawa cikin wani ƙauyen Faransa da aka gina da kwali. Can gaba kuma dodannin almara ne ke gwabzawa da mutanen wata duniya. Baƙon da ya leƙa zai ce ƙuruciya ce ta dawo wa dattawa, kuma ba zan yi musun cewa akwai ƙuruciya a ciki ba. Sai dai wasan ya haura shekara 200 a duniya, an taɓa wajabta shi ga hafsoshin soja, yau kuma kasuwarsa tana juya ɗaruruwan miliyoyin fam.

Ga yadda ake yinsa. Ana samun tebur, galibi mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, a shimfiɗa masa ƙyalle kore ko mai launin yashi. A jera tuddai da aka yanka daga soso, da itatuwa, da rafi, da gidaje. Kowane ɗan wasa ya zo da rundunarsa: dakaru, mahaya, 'yan igwa, kowanne an fente shi da kayan sarkin zamaninsa. Akwai littafin dokoki da ke faɗin nisan da kowane rukuni zai iya tafiya a zagaye guda, da inda harbinsa zai iya kaiwa. Saboda haka tef ɗin awo irin na tela ba ya barin hannun ɗan wasa. Idan aka zo harbi ko gaba-da-gaba, sai a jefa ƙwayar lido mai fuska 6. Misali, doka tana iya cewa ɗan bindiga zai sami abokin gaba idan ƙwaya ta nuna 4 ko sama, amma in abokin gaban yana bayan katanga sai an sami 5 ko 6. Rukunin da ya yi asarar mutane da yawa kuma ana jefa masa ƙwaya don a ga ko zai tsaya ko zai arce, ko da mai shi ba ya so.

A dara, ƙwayarka tana zuwa ramin da ka sa ta, kuma in ka yi kuskure laifinka ne kai kaɗai. A nan kuwa kana iya tsara dabarar da babu kamarta, mahayanka su isa bakin rafi su ƙi tsallakawa, ko igwarka ta yi harbi uku ba ta taɓa kowa ba. Abin da wasan ke koyarwa ke nan: umarni daban, abin da ya faru a fili daban. Gwani shi ne wanda ya ajiye wata runduna a baya saboda ranar da ƙwaya za ta juya masa baya.

Asalin abin daga ƙasar Jamus yake. A 1780 wani masanin lissafi a fadar Braunschweig, Johann Hellwig, ya faɗaɗa wasan cas ya mai da shi allo mai gidaje sama da 1,600, da launuka masu nuna dutse da fadama da kogi. Amma wanda ya fitar da wasan daga gidajen allo shi ne Georg von Reisswitz na masarautar Furusiya, wanda ya kai wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku nasa a 1812. Ɗansa, hafsan sojan igwa, ya gyara shi ya buga dokokinsa a 1824, aka san shi da suna Kriegsspiel. Shi a kan taswirar ƙasa ta gaske ake yinsa, da 'yan guntayen dalma masu kusurwa huɗu, ja da shuɗi, a madadin rundunoni. Kowane zagaye yana wakiltar minti 2 na yaƙi. Babban abin da ya kawo shi ne alƙali. Kwamanda ba ya taɓa guntayensa, sai dai ya rubuta umarni ya miƙa wa alƙali, alƙali ya motsa su, sannan ya gaya masa abin da idon sojojinsa ya iya gani kawai. Maƙiyin da ke bayan tudu ba ya kan taswirarka sai ka yi karo da shi. Shugaban hafsoshin Furusiya, Janar von Müffling, da ya ga an gwada, nan take ya ba da shawarar a yaɗa shi cikin rundunar. Da Furusiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayo, kowa na zaton a nan sirrin yake.

Wasan yana da amfani ne kawai ga wanda zai karɓi hukuncinsa. A watan Mayun 1942 hafsoshin ruwan Japan sun gwada harin da suke shirin kaiwa tsibirin Midway a kan tebur, cikin jirgin Yamato. Kamar yadda waɗansu daga cikinsu suka bayar da labari bayan yaƙi, ƙwaya ta nuna an sami jiragensu masu ɗaukar jiragen sama sau 9, biyu sun nitse. Admiral Ugaki, wanda ke shugabantar zaman, ya rage adadin zuwa 3, ya zama jirgi ɗaya kawai ya nitse, daga baya ma aka mai da shi cikin wasan. Watan Yuni na kamawa Amurkawa suka nitsar musu da irin waɗannan jiragen guda huɗu.

Fitowar wasan daga bariki zuwa falo kuwa aikin masu sayar da kayan wasan yara ne da marubuta. A 1893 kamfanin William Britain a Landan ya gano yadda ake zuba sojan dalma mai rami a ciki, wanda ya rage nauyi da tsada, har ɗan talaka ya iya mallakar bataliya. A 1913 marubuci H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars. Dokokinsa masu sauƙi ne: ɗan ƙasa yana tafiyar ƙafa 1, mahayi ƙafa 2, ana awo da zare, kuma babu ƙwaya. Wata 'yar igwa ce mai sifirin take harba ɗan guntun katako, sojan da ya faɗi ya mutu. Wells mutum ne mai ƙyamar yaƙi, kuma hujjarsa ita ce gara a tara sarakuna da janarori a ɗaki guda su huce a kan sojojin dalma, waɗanda ba sa barin gwauraye da marayu. Shekara ɗaya bayan nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu waɗansu mutane ƙalilan ne suka raya abin ta hanyar wasiƙu da 'yan mujallu: Jack Scruby a Amurka daga 1957, da Donald Featherstone a Ingila, tsohon sojan tanka mai sana'ar gashin ƙashi, wanda littafinsa War Games ya fito a 1962. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka buga dokokin Chainmail na yaƙin masu sulke, suka liƙa masa 'yan shafuka a ƙarshe a kan dodanni da bokaye. Daga waɗannan 'yan shafuka Dungeons & Dragons ya tsiro a 1974, kuma dubban wasannin kwamfuta da yaranmu ke bugawa a waya a yau jikokinsa ne.

Sai kuma kuɗi suka shigo. Kamfanin Games Workshop, wanda samari uku suka kafa a Landan a 1975, ya fitar da Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987. Cibiyarsa tana Notingham, a can ake ƙera kayansa, kuma tsofaffin ma'aikatansa sun buɗe nasu kamfanonin a kewayen garin, irin su Warlord Games da Perry Miniatures. Cinikin Games Workshop ya haura fam miliyan 500 a shekarar kasuwancin da ta ƙare a 2024, kuma a watan Disamba na wannan shekarar ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan. Duk a kan sojan roba.

Abin da baƙo ba ya gani shi ne wasan kansa shi ne ɗan ƙaramin ɓangare. Sojojin ba sa zuwa a shirye. Cikin kwali suke zuwa gunduwa-gunduwa, kai daban, hannu daban, garkuwa daban. Sai an yanke, an kankare, an manna da gam, an fesa fentin fari, sannan a zauna da buroshi mai bakin allura ana zana maɓalli da igiyar bindiga a jikin abin da tsawonsa milimita 28 ne. Akwai masu milimita 15, akwai masu 6, waɗanda ake jera dubu a tebur guda. Soja ɗaya yana iya cin awanni, runduna ta ci watanni, alhali wasan awa biyu ne ko uku. Akwai ma waɗanda ba sa wasa sam, fentin kawai suke yi, kuma suna da gasarsu, Golden Demon, tun 1987. Masu bin yaƙe-yaƙen tarihi kuwa karatu ne ke cinye su. Mutum ba zai fenti rigar sojan Napoliyon ba sai ya binciko launin wuyan rigar bataliyar a wannan shekarar, daga nan ya faɗa karatun abin da suka ci, da nisan da suka taka, da dalilin da harsashinsu ya ƙare. A ganina wannan ne babban alherin abin: yana mai da direba ko akawu ɗalibin tarihi ba tare da kowa ya tilasta masa ba.

Yana da nasa aibin. Tsada ce ta farko, domin cikakkiyar runduna ta manyan kamfanoni tana cin ɗaruruwan fam, kuma akan sabunta dokoki bayan 'yan shekaru ta yadda sai an sake saye. Su kansu 'yan wasan suna yi wa juna ba'a a kan kwalayen da suka tara ba su buɗe ba. Na biyu ya fi nauyi. Wani babban reshen wasan yaƙe-yaƙen mulkin mallaka ne: Turawa da Zulu a 1879, Turawa da Ansaru na Mahadi a Sudan. Perry Miniatures na sayar da Ansaru na roba cikin kwali. A Omdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, an kashe Ansaru sama da 10,000, ɓangaren Ingila da Masar kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Mai jefa ƙwaya a Notingham yana ganin wasa ne mai kyan launi. Bahaushen Sudan da kakansa ya tsaya a wannan fili ba haka zai gan shi ba. Ba na cewa a hana, amma a san cewa wanda ya rubuta dokoki shi ke yanke wane ne jarumi mai horo, wane ne taron yuyuyu, kuma yawancin masu rubutawar daga ɓangare guda suka fito.

Mai karatu Musulmi zai tambayi hukuncin surar abu mai rai da na jefa ƙwaya. Tambayoyi ne na gaske, malaman fiƙihu sun daɗe a kansu, kuma wurinsu ya kamata a kai su. Abin da ya kamata a gabatar musu dai shi ne ba a sa kuɗi a wasan, kuma tarihinsa ya nuna yana yiwuwa ba tare da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Na Reisswitz guntaye ne marasa sura. Na Wells ba shi da ƙwaya. A 1876 ma wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya fito da salon da gogaggen alƙali ke yanke hukunci da saninsa, ba tare da dogaro ga ƙwaya da jadawali ba.

Da wannan salon, tarihinmu ya ishi tebur. Ɗauki Tabkin Kwatto, a watan Yunin 1804. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu ƙalilan. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi da taimakon Buzaye, amma shi aka kora. Ɗalibi yana haddace wannan ya rubuta a jarrabawa ya manta. Sa shi ya riƙe guntayen 'yan baka, abokinsa ya riƙe na Gobir, malami ya zama alƙali, nan da nan tambayoyi za su taso. Ina kibiya take kaiwa? Wace irin ƙasa ce ke hana doki mai ɗauke da lifidi sukuwa? Wa ya riga isa ruwa? Wanda ya zauna a ɓangaren Gobir kuma dole ya yi tunani kamar Bagobiri, abin da littafin makaranta ba ya cika nema daga gare shi. Haka za a iya yi da ganuwar Kano a Fabrairun 1903, da Burmi, inda aka kori Turawa a karon farko a watan Mayu kafin su dawo su ci garin a 27 ga Yuli, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya faɗi. Madogara ba ta yi ƙaranci ba: ga Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, ga Tazyinul Waraƙati na Abdullahi, ga littafin Joseph Smaldone na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato.

Malaman tarihi a sakandare da kwalejojin ilimi, kayan aikin ba sai an yi odarsu daga Ingila ba. Faifan katako da aka zuba wa yashi, guntayen da kafinta zai yanka a fente su launi biyu, zaren awo, da dokokin da ba su wuce shafi guda ba. Ku zaɓi yaƙi ɗaya daga manhajar zangon nan, ku raba aji biyu, ku hana kowane ɓangare ganin shirin ɗan'uwansa, ku gwada.