Me Ya Sa Jarkar Fetur Take Tumbatsa A Rana?

Wani ɗan'uwana manomin rani a wata fadama kusa da Batsari ya taɓa kawo mini ƙarar yaransa. Ya ce da asuba ya cika jarka da fetur har wuya saboda injin ban-ruwa, ya ajiye ta a bakin gona. Da azahar ya tarar man ya jiƙe gefen jarkar, ƙasa kuma sai wari take yi. A ganinsa yaran ne suka buɗe suka ɗiba. Na ce masa ya sassauta musu, domin mai laifin yana sama, wato rana. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ya faru, da kuma yadda wannan ƙa'ida ta kimiyya ta shafi aljihunmu da lafiyarmu da rayuwar halittu.

Abin da zafi yake yi wa abu mai ruwa-ruwa

Kowane abu mai ruwa-ruwa, kamar ruwan sha da fetur da kananzir da man gyaɗa, ya ƙunshi ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, waɗanda masana suke kira molekul. Ƙwayoyin nan ba sa zama wuri ɗaya. Kullum cikin motsi suke, suna gugar juna suna zamewa. Idan zafi ya shige su sai motsinsu ya ƙaru, kowace ƙwaya ta ture maƙwabciyarta ta nemi ƙarin fili. Mai karatu ya kwatanta da ɗaliban da suke zaune a kan tabarma guda: muddin suna natse tabarmar ta ishe su, amma da zarar sun fara mutsu-mutsu sai wasu su koma ƙasa. Yawan ɗaliban bai ƙaru ba, filin da suke bukata ne ya ƙaru.

Haka abin yake ga fetur. Idan ya ɗumama sai ya buɗe, ya cika wuri fiye da da; idan ya huce sai ya tsuke. Nauyinsa a sikeli yana nan yadda yake. Saboda haka lita guda ta man da ya sha rana ba ta kai lita guda ta man sanyi nauyi ba, domin ƙwayoyin da ke cikinta sun fi kaɗan.

Kowane ruwa da irin buɗewarsa

Masana sun auna yawan buɗewar kowane abu idan zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas. Lita 1,000 ta fetur tana ƙaruwa da kusan lita 0.95. Ta man girki tana ƙaruwa da kamar lita 0.7. Ta ruwa mai zafin digiri 20 tana ƙaruwa da lita 0.21, ta zaiba kuma lita 0.18. Tankin ƙarfe mai cin lita 1,000 kuwa, ƙarin da yake samu bai wuce lita 0.036 ba. Ke nan fetur ya ninka ruwa buɗewa fiye da sau huɗu, ya kuma ninka ƙarfen da aka zuba shi a ciki fiye da sau ashirin da biyar.

Yanzu mu koma ga jarkar ɗan'uwana. Tana cin lita 25. A ce da asuba zafin man digiri 22 ne, da azahar kuma rana ta kai shi 42, abin da ba baƙo ba ne a Batsari da Safana a watan Afrilu. Bambancin digiri 20 ke nan. Sai mu ninka: 25 × 0.00095 × 20 = 0.475. Wato man ya ƙaru da kusan rabin lita. Jarkar ma ta ɗan buɗe, amma ba ta kai haka ba, don haka rarar ta nemi hanya ta bakin murfi. Idan duro ne mai lita 200, ƙarin zai kai lita 3.8, alhali duron kansa bai ƙaru da ko rubu'in lita ba.

Akwai abu na biyu da ya kamata a rarrabe. Fetur yana saurin zama tururi, kuma zafi yana ƙara masa wannan hali. Kumburin da ake gani a jikin jarkar roba, da hucin da take yi idan an kwance murfi, akasari aikin tururin ne. Wannan tururi ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna shi. A nan haɗarin yake, musamman a ƙauyukan da ake ajiye mai a ɗaki ɗaya da risho ko kusa da murhu.

Ciniki da awo

Tanka mai ɗaukar lita 33,000, idan aka yi mata lodi da rana tsaka sannan man ya huce da digiri 10 kafin a sauke shi, awonsa zai ragu da fiye da lita 300 ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ba. Wannan ne ya sa a cinikin mai na duniya ake mayar da kowane awo zuwa ga yadda zai kasance a digiri 15, domin kada mai saye ko mai sayarwa ya ƙwaru.

Wasu sukan ce a riƙa shan mai da sassafe don a ci riba. A gidan mai ribar ba ta taka kara ta karya ba, saboda tankunan suna binne a ƙasa, inda zafi ba ya sauyawa sosai tsakanin safe da rana. Amma man da ake sayarwa a kwalba da galan a bakin titi, wanda ya wuni a rana, lallai mai babur yana samun ƙasa da abin da idonsa ya nuna masa, kamar kashi biyu cikin ɗari.

Tukunyar gas ta girki ma haka take. Gas ɗin da ke ciki ruwa-ruwa ne saboda matsi, kuma yana buɗewa fiye da fetur nesa ba kusa ba. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a cika ta zuwa kimanin kashi 80 cikin ɗari. Wanda ya matsa wa mai sayarwa ya danƙara masa ita, kansa ya cuta.

Ma'aunin zafi

Wannan ɗabi'a ba ɓarna kaɗai take yi ba. Ita ce tushen tamomita. A shekarar 1714 Daniel Fahrenheit ya ƙera ma'aunin zafi mai zaiba, a 1742 kuma Anders Celsius na ƙasar Suwidin ya fito da ma'auni mai digiri ɗari tsakanin daskarewar ruwa da tafasarsa. Zaibar tana cikin ɗan ƙunduƙu a gindin gilashi. Idan ta ɗumama ba ta da wurin zuwa sai siririn bututun da ke sama, don haka ƙaramin ƙari yake bayyana a matsayin doguwar tafiya. Da shi malamin asibiti yake gane jikin da ya haura digiri 37, malamin dabbobi kuma yake duba saniyar makiyayi a gefen dajin Rugu, wadda zafinta na lafiya yake wajen digiri 38 da rabi. Zaiba dai guba ce. Bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 ƙasashe sun juya ga ma'auni mai batir da kuma mai jan ruwan alkohol. Idan tsohon ma'auni ya fashe a ɗakin gwaji, kada ɗalibi ya taɓa zaibar da hannu.

Ruwa ya fita daban

Man shanu ko kakiɗe idan ya daskare da hunturu, za a ga tsakiyarsa ta lotsa, domin ya tsuke. Yawancin abubuwa haka suke. Ruwa kuwa yana tsukewa ne har zuwa digiri 4. Daga nan zuwa sifiri sai ya koma buɗewa. Thomas Charles Hope na Jami'ar Edinbara ya nuna wannan da gwaji a farkon ƙarni na 19. Idan ruwan ya zama ƙanƙara sai ya ƙaru da kamar kashi 9 cikin ɗari, domin ƙwayoyinsa suna jeruwa cikin wani tsari mai ramuka. Shi ya sa kwalbar zoɓo da aka cika maƙil take fashewa a firiza, shi ya sa kuma ƙanƙara take yawo a saman kofi.

Ga mai nazarin halittu wannan babbar rahama ce. A ƙasashen sanyi tafki yana daskarewa daga sama, ƙanƙarar ta zama rufi, ruwa mai digiri 4 ya kwanta a ƙasa, kifaye su rayu har bazara. Da ƙanƙara nutsewa take yi, da tafkuna da yawa sun daskare tun daga gindi. A wajenmu ma, a ruwa mai zurfi irin na madatsar Zoɓe da ke kusa da Dutsin-ma, ruwan sama da rana ta ɗumama ya fi sauƙin nauyi, sai ya zauna a kan mai sanyi. Idan hunturu ya sanyaya saman, sai ya nutse, ruwan ya gauraya, abincin tsirran ruwa da ke ƙasa ya taso.

Teku ma tana bin wannan ƙa'ida. Rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2021 ya nuna cewa teku ta tashi da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, kuma rabin tashin da aka samu tsakanin 1971 da 2018 buɗewar ruwa ce ta jawo shi. Abin da ya jiƙe jarka a Batsari shi ne yake barazana ga gaɓar Legas.

Gwaji don malamai da ɗalibai

A cika ƙaramar kwalbar gilashi da ruwan zoɓo har baki. A huda murfin, a soka bututun biro, a toshe gefensa da kakin kyandir. A yi alama inda ruwan ya tsaya a bututun, sannan a tsoma kwalbar cikin kwanon ruwan ɗumi. Mai lura zai ga ruwan ya ɗan sauka tukuna, domin gilashin ne ya fara ɗumama ya buɗe, daga baya sai ruwan ya haura ya wuce alamar. A mayar da kwalbar cikin ruwan randa a ga yadda zai koma. Kada a kuskura a yi wannan gwaji da fetur ko kananzir.

Kammalawa

Duk mai ajiye fetur ya bar sarari kamar faɗin yatsu huɗu a saman jarka, ya ajiye ta a inuwa, nesa da wuta da ɗakin kwana, ya kuma kwance murfin a hankali. Ɗan'uwana ya bi wannan shawara, tun daga ranar kuma bai sake tuhumar yaransa ba.