Tsuntsaye biyu, daraja ɗaya a takarda, makoma daban a kan duwatsun Filato

Akwai wani ɗan jan tsuntsu da ke tsintar tsaki a tsakar gida, har ya yi sheƙa a rufin ɗaki ba tare da tsoron kowa ba. Masana na kiransa Lagonosticta senegala. Tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, kuma ya bazu a yawancin Afirka kudu da Sahara.

Yana da ɗan uwa da duniyar kimiyya ba ta sani ba sai a 1998, lokacin da masanin tsuntsaye ɗan Amurka Robert Payne ya bayyana shi daga tsaunukan Jos, da sunan Lagonosticta sanguinodorsalis. Namijinsa na da jan baya da kai mai ruwan toka, bakinsa kuma shuɗi-shuɗi, saɓanin jan bakin na gida. Hanyar gano shi ma abin mamaki ce: wani tsuntsu, Vidua maryae, yana saka ƙwansa a sheƙarsa, yana kuma kwaikwayon kukansa. Wannan baƙon kuka ne ya sa aka shiga neman mai shi.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya su biyun a rukunin waɗanda ba sa fuskantar barazanar ƙarewa. To amma na gida yana ƙaruwa ne da zaman mutane, shi kuwa na dutse bai da mazauni sai kurmin da ke gindin manyan duwatsu, a Filato da tsaunukan Mandara har zuwa arewacin Kamaru. Nan ne ake saran itace, ake kiwo, ake kuma fasa dutse don gine-gine. Idan ya rasa wurin, mai aron sheƙarsa ma ya rasa.

A dajin Amurum da ke kusa da Jos, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI na sa masa ido. Sauran duwatsun kuwa, maganarsu tana teburin Abuja, domin ma'adinai na hannun gwamnatin tarayya. Ofishin rajistar ma'adinai ne ke ba da izinin fasa dutse, Ma'aikatar Muhalli kuma ke duba rahoton tasirin aiki bisa dokar 1992. Jami'in da ya ga "babu barazana" a fayil zai iya sa hannu da kwanciyar hankali, alhali wannan hukunci na jinsin ne gaba ɗaya, bai shafi dutsen da ake neman fasawa ba.