Yadda Ake Binne Zane Cikin Kaskon da Ba Ya Kamu

Uwargida, ɗauko kaskon suyar nan na zamani, wanda ƙwai ke zamewa a cikinsa, ki duba tsakiyarsa. Sau da yawa za ki tarar da zane, ko jar da'ira ko tambarin kamfani. Ki shafa da yatsa, ba za ki ji tudu ba. To, idan ƙwai da ƙullun fanke sun kasa kama fuskar kaskon, ta yaya tawada ta kama?

Gaskiyar magana, ba a saman fuskar take ba. A ciki aka binne ta.

Santsin kaskon daga wani sinadari yake mai suna PTFE, wanda aka fi sani da Teflon. Roy Plunkett, ma'aikacin kamfanin DuPont a Amurka, shi ya ci karo da shi ba zato a 1938. A 1954 wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, ya samo dabarar liƙa shi a jikin alminiyam, kuma bayan shekara biyu ya kafa kamfanin Tefal. Idan aka ɗiga tawadar buga littafi a kan wannan sinadari, dunƙulewa take yi kamar ruwa a ganyen gwaza. Ko da ta zauna ma, wuta na jiranta, domin PTFE ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 327, kuma a masana'anta ana gasa shafen a tanderun da ya haura digiri 400.

Sai masu ƙira suka haɗa tawadar da shi kansa PTFE ɗin. Ana dama lallausan garinsa cikin ruwa, a zuba garin launi, a ƙara abin da zai ba shi kauri kamar kunu don kada zanen ya malale. Da farko a shafa wa ƙarfen shafen gindi mai riƙo, a buga zanen a kansa tun ba a gasa ba, sannan a lulluɓe da wani siririn shafe garai-garai wanda ido ke ratsawa. Idan suka shiga tanderu, duk sai su narke su zama jiki ɗaya. Bugun kuwa iri biyu ne. Wasu kan buga a faifan alminiyam tun yana shimfiɗe, ta cikin ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, yadda masu buga riguna ke yi, daga baya inji ya lanƙwasa faifan ya zama kasko. Wasu kuma hatimin roba mai taushi suke dangwalawa cikin kaskon da aka riga aka ƙera.

Wahalar tana wajen launi. Yawancin rini ƙonewa yake yi a wannan zafi, don haka aka fi dogara da launukan ma'adinai: ja da ruwan ƙasa daga tsatsar ƙarfe, fari daga titaniyam, baƙi daga kabon, ƙyalƙyali daga dutsen maika. Akwai launuka masu ɗaukar ido da jure wuta waɗanda ke ɗauke da dalma ko kadmiyam, amma ba su dace da mazubin abinci ba. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Shi ya sa kaskon da ba shi da sunan kamfani, ba a san inda ya fito ba, ba ya kwanta mini a rai, komai kyan adonsa.

Wadda ta fi burge ni ita ce jar da'irar Tefal, wadda suke kira Thermo-Spot. Tawada biyu ce ja, kusa da juna. Ɗaya ta tsatsar ƙarfe ce, tana ƙara duhu idan ta ji zafi, ɗayar kuwa ba ta canzawa sosai. Kasko na sanyi, zanen a bayyane yake. Da ya kai zafin suya, launukan sai su saje, zanen ya ɓace, mai girki ta san lokacin zuba nama ya yi. Idan ya huce, zanen ya dawo.

Wannan alama tana da amfani, domin PTFE yakan fara lalacewa idan zafi ya wuce digiri 260, kuma kaskon da aka bari ba komai a kan wutar gas yana kaiwa nan cikin 'yan mintuna. Wani abin da ke lalata shafen kuma shi ne soson ƙarfe da muka saba dirzar ƙanzo da shi. Tunda zanen yana ƙarƙashin shafen sama, ranar da kika ga ya fara gogewa, wancan shafen ya riga ya cinye a wurin, kuma daga nan ƙwai zai fara kamawa.