Daren da fatalwa ke zama alewa

A ƙarshen watan Oktoba, lokacin da ganyen itatuwa ke rikiɗewa ja da rawaya a Amurka, sanyi kuma ya fara leƙowa, sai ɗakunan girki su cika da ƙamshin cakulan. Ranar 31 ga wata ita ce Halowin, daren da yara ke shigar dodanni, su bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna neman a ba su alewa ko su yi ɓarna. Bahaushe zai tuna da tashe, kuma akwai kama, illa dai su a cikin kayan tsoro suke neman rahar.

Ana danganta asalin bikin da Samhain, tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ailan da Sikotilan, waɗanda suka ɗauka a wannan dare ne matattu ke kusantar rayayyu. Coci ta ware 1 ga Nuwamba don tunawa da waliyyai, Halowin ya zama jajiberinta. 'Yan Ailan da yunwa ta koro bayan cutar dankali ta 1845 sun taimaka wajen dasa shi a Amurka. A can ya sami kabewa, ya sami sukari, ya zama na yara.

Kayan zaƙin da ake haɗawa a gida ba su buƙatar gwaninta, domin da yara ake yin su. Dubi fatalwar ayaba. A raba ayaba biyu, a soka mata tsinke, a tsoma ta cikin narkakken farin cakulan, a ɗiga mata idanu biyu da buɗaɗɗen baki da baƙin cakulan, a sa a firji. Shi ke nan, fatalwa ta samu. Gizo-gizo kuwa da biskit ɗin Oreo ake yinsa: a cusa siraran sandunan biskit mai gishiri ta gefe, huɗu nan huɗu can, su zama ƙafafu, a liƙa masa idanun alewa. Akwai kuma gawar Fir'auna, inda ake zuba farin cakulan a leda, a yanke ɗan bakinta, a yi ta zirara shi a kan biskit har ya yi kama da naɗin likkafani. In hannun yaro ya karkace, babu laifi, munin abin shi ne kyansa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne maƙabartar kofi. Ana zuba kunun cakulan mai kauri a ƙaramin kofi, a daka baƙin biskit a barbaɗa a kai ya zama ƙasa, a kafa wani biskit a tsaye matsayin allon kabari, sannan a sa alewa mai danƙo mai siffar tana tana leƙowa. A wajenmu, inda ake sassauta murya in an wuce maƙabarta, wannan abu ne mai wuyar haɗiya. Su kuwa, a ganina, dabara ce ta rage wa tsoro ƙarfi. Yaron da ya cinye kan fatalwa da haƙoransa da wuya ya yi kukanta da dare.

Wahalar aikin ɗaya ce, narkar da cakulan. Ba ya son wuta kai tsaye, don haka ake ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi, tururi ya narkar da shi a hankali, ko a sa shi a na'urar ɗumama abinci na daƙiƙa 30, a fitar a juya, a mayar. Ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki sai ya dunƙule ya yi tsaki-tsaki. Farin ya fi saurin ƙonewa, saboda man koko ne da madara da sukari, babu garin kokon a ciki. Kokon ma galibi daga yankinmu yake fitowa, domin Kwaddibuwa da Gana ne ke noma kusan rabin na duniya.

Sai dai duk wannan ƙoƙari ba ya zuwa bakin ƙofa. Yaran unguwa da suka ƙwanƙwasa, alewar kanti ake ba su, a naɗe cikin ledarta, irin su Snickers da Reese's mai cikin markaɗaɗɗiyar gyaɗa. A da ana ba da na gida, amma tsoron guba ya kashe wannan. A 1974 wani yaro a Texas ya mutu bayan ya sha alewar Halowin mai guba, bincike ya nuna mahaifinsa ne ya sa. A 1982 kuma mutum 7 suka mutu a yankin Chicago sakamakon maganin ciwon kai da aka sa wa guba, 'yan makonni kafin bikin. Yanzu iyaye kan zazzage jakar yaro a kan tebur su duba, abin da ba a rufe yake ba a zubar.

Saboda haka fatalwar ayaba da gizo-gizon biskit na 'yan gida ne da abokai da maƙwabtan da aka sani. Ana jera su a faranti kusa da kabewar da aka fafe aka kunna wa kyandir, uwar gida na sa ido kada a cinye kafin baƙi su iso.