Daga Alaba Rago Zuwa Gaban Allo: Hanyar Zama Cikakken Malami

Babu wata tazara tsakanin yankin Alaba Rago da Jami'ar Jihar Legas, wato LASU, wadda aka kafa a Ojo a 1983. A gaba kaɗan kan titin Badagry, a Oto-Ijanikin, ga Jami'ar Ilimi ta Jihar Legas, wadda ta samu a 2022 bayan an haɗe kwalejojin horar da malamai na Adeniran Ogunsanya da Michael Otedola. Ga ruwa kusa, amma da yawan matasanmu Hausawa da ke koyarwa a Islamiyyu da makarantun kuɗi ba su da takardar malanta.

Ilimi daban, iya koyar da shi daban. Shi ya sa ɗalibin tsangayar ilimi yake haɗa abu biyu: darasin da zai koyar, kamar Lissafi, Turanci ko Larabci, da kuma dabarun koyarwa, sanin halayyar yara, tsara darasi da auna fahimtar ɗalibi. Kafin ya gama, sai an tura shi wata makaranta ya yi koyarwar gwaji, malamansa na bin sawu suna duba shi.

Mai kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, yana shiga jami'a ta jarrabawar JAMB, ya yi shekara huɗu. Mai NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, yakan fara daga aji biyu. Wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni kuwa, difilomar PGDE ce gadarsa. Daga nan sai rajista da hukumar TRCN, wadda doka ta kafa a 1993. Ita ke ba da lasisin koyarwa.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Yaron da ya tashi da Hausa a gida, ya tarar da Turanci a aji, Yarabanci da Buroka a titi, yana buƙatar malamin da zai gane inda ya cije. Sannan malamin da ba shi da takarda, duk ƙwazonsa, abin da mai makaranta ya yanka masa shi zai karɓa, ƙofar aikin gwamnati kuma a rufe take gare shi.

Don haka sarakunan Hausawa, shugabannin kasuwa da kwamitocin masallatai na Alaba Rago da Agege su tashi tsaye. Kowace ƙungiya ta ɗauki nauyin matashi ko matashiya ɗaya, daga fam ɗin JAMB har zuwa lasisi, bisa alƙawarin dawowa a koyar a unguwa.